Kujerar Hagu

Bayan gingimari ya cika gilashin gaba. Ban da katakon bodi, da ƙafafun 'yan kasuwa da ke reto daga sama, da wata akuya da ta zuro kai ta tsakanin katakai, babu abin da Bubayero ke gani. Babbar motar ta cinye rabin hanya har da ɗoriya, tana jan jiki kamar mai ɗauke da tulu a ka, ita ba ta yi sauri ba, ita ba ta kauce ba.

Kusa da shi mahaifinsa, Malam Tukur, ya jingina da kujera, an ɗaure masa ƙafar dama da igiyar rama a ƙasan gwiwa. Gamsheƙa ce ta sare shi da hantsi yana sharar gona a bayan Gafasa. Ruwan farko ya sauka jiya, ƙasa ta yi sanyi, duk abin da ke cikin rami ya fito. Mazan gidan suna kudu da shanu ba su dawo ba, don haka da Bubayero ya biyo da a-kori-kurar maigidansa zai sauke buhun irin gyaɗa, mata kawai ya tarar tsaye a kan tsohon suna salati. Bai tsaya sauraron masu cewa a aika Ajingi a kira mai maganin maciji ba. Ya san malamin asibiti a Gaya yana da allura, ya kuma san dafin gamsheƙa ba ya jiran kowa.

A ƙarshen kujera, jikin ƙofar hagu, mahaifiyarsa Hanne ce zaune. Ta ja zanen lulluɓinta har goshi, hannunta ɗaya a kafaɗar mijinta. Zamanta a wannan wuri ya fi babbar motar damun Bubayero.

Shekarar ce aka koma hannun dama. An yi ta shela a rediyo, an kafa alluna, an zana kibiya a bayan motoci, ran nan aka wayi gari kowa ya bar hagun da ya saba ya koma ɗaya gefen. Abin da masu shelar ba su faɗa ba shi ne, sitiyari ba ya sauraron rediyo. Yana nan inda aka dasa shi, a dama. Sai ga direba ya koma zaune a bakin ciyawa, fasinjansa kuwa a tsakiyar hanya. In babbar mota ta tare maka gaba kana son ka wuce ta, ta hagu za ka fita, kuma kafin idonka ya hango abin da ke tafe, rabin motarka ya riga ya shiga gabansa. Dabara ɗaya ce ta rage, ka ari idon wanda ke kujerar hagu. Shi ya sa tun daga lokacin Bubayero ke zaɓen wanda zai zauna masa a gaba kamar mai zaɓen suruki. Ba ya ɗaukar mai gyangyaɗi, ba ya ɗaukar mai jan carbi ido rufe, balle mai nauyin baki. Yau kuwa ga shi da wadda ba ta taɓa yi masa magana ba tun da ya yi wayo.

Ba ƙiyayya ba ce. Shi ne ɗanta na fari, kuma sunan surukinta aka sa masa, kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. A gidajen Fulanin wajen nan uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta nuna ta san yana wurin. Hanne kuwa ta riƙe abin fiye da kowa, har mata na ba da misali da ita. Ana yaye shi aka kai shi wurin kakarsa a Kademi, can ya tashi yana kiran ta Adda, yadda ya ji ƙannenta na kiran ta. In ya zo gaisuwa ya durƙusa a ƙofar ɗaki, bango take amsa wa. In tana son ya ci tuwo, sai ta ce, "Malam, ka ce wa mutumin nan ga abinci can." Malam Tukur, wanda tasa kunyar ta yi sauƙi tun da ɗan ya samu lasin, sai ya juya ya ce, "Direba, an ce ga abinci." Haka maganarsu take tafiya, kullum sai ta ratsa ta bakin tsohon. Bubayero bai taɓa ƙorafi ba, amma abin yana yi masa ciwo, kuma ya daɗe da daina ɓoye wa kansa haka.

Ya ɗaga ƙafa daga totur ya ja baya kaɗan, don in ka manne wa bayan babbar mota, ko mai kujerar hagu ba zai ga komai ba.

"Baffa," ya ce, "ina son in wuce. A duba mini gaba."

Malam Tukur ya juya kai da ƙyar. "Ke, duba masa."

Hanne ta ɗan karkata wajen taga. Bubayero ya sauko da giya, ya fara lallaɓa sitiyari zuwa hagu yana jira. Bai ji komai ba. Ya ɗauki shirun a matsayin izini, ya ƙara wa motar wuta.

"Malam," in ji Hanne a hankali, da irin muryar da ake tambayar ko an ga ludayi, "in ba idona ba ne, kamar da wani abu tafe."

"Direba, ta ce..."

Bai jira sauran ba. Ya mayar da motar dama, a daidai lokacin wata ƙaramar motar fasinja, kiya-kiya, ta shige su da ham a danne, iskarta ta kaɗa zanen Hanne. Wani fasinja a cikinta ya zuro hannu ya yi musu daƙuwa.

Gumi ya tsattsafo wa Bubayero a tafin hannu. Ya goge ɗaya a wando, ya mayar, sannan ya goge ɗayan. Ya san Hanne ta ga motar tun da wuri. Amma kafin ta samo yadda za ta faɗa ba tare da ta faɗa masa ba, kafin maganar ta bi ta kan tsohon ta iso, an ci tafiyar da ta isa ta kashe su su ukun.

"Baffa, in an ga abu a faɗa da sauri."

"To," in ji Malam Tukur. Kalmar ta fito da nauyi, kamar yana da tuwo a baki.

Bubayero ya saci kallonsa. Fatar idon tsohon ta sauko ta rufe rabin ƙwayar.

"Buɗe idonka, Baffa. Kada ka yi barci."

"A buɗe suke."

Ba a buɗe suke ba. Tsohon yana ɗaga gira, goshinsa ya tattare, amma fatar ta ƙi tashi. Bubayero ya taɓa ganin haka ga wani makiyayi da aka kawo tasha a kan jaki. Daga ido dafin ke farawa, ya sauko harshe, sannan ya nemi ƙirji. Shi wancan makiyayin bai kai ga shiga mota ba.

Ya danna ham. 'Yan kasuwar da ke sama suka dube shi, wani mai jar hula ya ɗaga masa hannu yana murmushi, a zatonsa gaisuwa ce. Ya sake dannawa ya daɗe, yana nuna musu tsohon da haɓa. Suka yi ta kallonsa. Ƙarar injin babbar motar ta shanye komai.

Sai a lokacin ya lura da facin da ke jikin katakon baya, wani gwangwanin kananzir da aka buɗe aka buga da ƙusa. Shi ya buga shi da hannunsa. Motar Maiwada ce, mutumin da ya koya masa tuƙi, wanda ya fara riƙe sitiyari tun kafin a haifi Bubayero. Kunnensa ɗaya ya daɗe da mutuwa, kuma motarsa madubi ɗaya gare ta, a gefen direba. Duk abin da ke faruwa a hagunta, sai dai Maiwada ya ji labari.

Duk abin da Bubayero ya sani na hanya, a cikin wannan motar ya same shi, yawanci da ranƙwashi. "Hannu biyu, ɗaya nan ɗaya nan, kamar ka riƙe faifai," haka Maiwada ke cewa. "Kada ka harɗe su. Sitiyari ba a fizgar sa, lallashin sa ake yi. In taya ta faɗa gefen hanya, bar ta can ta yi tafiyarta, kai dai ka riƙe, sai ka ji ƙasa ta yi ƙarfi ka hau da ita sannu. In kuma ka fito za ka wuce mota, ka fito gaba ɗaya, kada ka tsaya shawara a gefenta." Makon jiya ma sun haɗu a tashar Gaya, Bubayero ya ga ya ɗaura jan ƙyalle a wuyan hannunsa na dama. Da ya tambaye shi, tsohon ya yi dariya ya ce, "Kaina ya koma dama tuni. Hannun ne bai ji shela ba, shi nake tuna wa."

Hanyar burji ce, ruwan jiya ya kwantar da ita, tsakiyarta da ƙarfi, amma gefe da gefe ƙasa ta jiƙe ta yi laushi, lambatun da ke bin ta kuwa cike yake da jan ruwa. Gaya da sauran tafiya. A wannan jan jikin na Maiwada, za su isa ne bayan an gama abin da za a gama.

"Baffa, zan sake gwadawa."

Ya ɗan taɓa shi da gwiwar hannu.

"Baffa, kana ji na?"

Yatsun tsohon suka motsa a kan gwiwarsa. Yana ji, bakin ne ya ƙi. Yawu ya gangaro ta gefen leɓensa, Hanne ta sa bakin zane ta share. Numfashinsa ya zama gajere, kafaɗunsa ke ɗagawa maimakon ciki.

"Malam," in ji Hanne. "Malam, ka ce masa..."

Ta tsaya. Maganar ta rasa inda za ta bi.

Tsoro ya kama Bubayero sosai. Bai taɓa fuskantar ta da magana mai tsawo ba, balle a wuri matsattse irin wannan, inda yake jin ƙamshin man shanun da ke kanta.

"Adda," ya ce, idonsa a kan facin gwangwani. "Ni daga nan ba na ganin komai. Ke ce mai gani. In da mota, ki ce da mota. In babu, ki ce babu. Ba sai kin dube ni ba."

Ta gefen ido yana ganin babban yatsanta na murza kafaɗar mijinta, yana kai yana kawowa. Akuyar ta janye kanta, ta sake zurowa. Suka wuce wata tsamiya, suka wuce wasu mata da ƙwaryar nono, duk a hankali kamar masu rakiyar gawa.

Haushi ya taso masa, wanda bai taɓa bari ya taso ba. Ya ji kamar ya tambaye ta ko mata za su ci gaba da ba da misali da ita in mijinta ya cika a bayan motar awaki. Maganar ta zo har bakinsa ya danne ta. Uwa ce, kuma ya san ba taurin kai ba ne. Abin da aka ɗora mata tun tana yarinya ne, ta riƙe shi har ya zame mata jiki.

"Ki faɗa wa gilashi," ya ce a hankali. "Ni zan ji."

Wani ƙaramin sauti ya fito daga maƙogwaron Malam Tukur, kamar ana jan ruwan ƙarshe a kasan randa.

Hanne ta sa hannu ta ture zanen daga kanta, ya faɗa kafaɗa. Bubayero bai taɓa sanin furfura ta kama ta haka ba. Ta dafa ƙofa, ta zura kai waje har wuya.

"Da jaki," ta ce wa iska.

Ya jira. Jakin ya wuce da mai shi a kai.

"Da mai keke."

Mai keken ya wuce, da kaji a ɗaure a baya. Bubayero ya sauko da giya, ya gyara hannuwansa, ɗaya nan ɗaya nan. Ya bar tazarar da zai ɗauki gudu a cikinta kafin ya fita.

"Babu," in ji Hanne.

Ya taka totur, ya ci tazarar, ya zare zuwa hagu a hankali ba tare da ya saki wuta ba. Hanya ta buɗe a gabansa, babu kowa, sai can nesa farin dutsen kwalbati guda biyu inda hanyar ke tsukewa ta koma ta mota ɗaya. Da sauran fili. In komai ya tafi daidai, zai wuce ya koma hannunsa kafin nan.

Hancin a-kori-kura ya kai tayar baya ta babbar motar. Katakon bodi ya zo daidai kafaɗarsa. Ya danna ham sau biyu, yadda Maiwada ya koya masa, don mai gaba ya san da mutum a gefensa.

Wannan karon Maiwada ya ji. Kuma da yake mutumin kirki ne da bai taɓa hana na baya hanya ba, nan take ya kauce ya ba da wuri. Sai dai ya kauce ne yadda ya saba kaucewa tun yana saurayi, zuwa hagu.

Bubayero ya ga katakon na matso shi. Da farko ya ɗauka idonsa ne. Sai madubinsa na dama ya tarwatse, gilashin ya watso masa a hannu. Ya saki kaɗan zuwa hagu, ya ji tayoyin wannan gefen sun sauka daga burji sun shiga laushi, motar ta karkata, sitiyarin ya fara fizgar kansa kamar ɗan maraƙin da ya ga uwarsa. Birki ba zai yiwu ba. Taya biyu a taɓo, biyu a kan tsakuwa, yana takawa motar za ta juya ta shige ƙarƙashin babbar. Gaba kawai ta rage, kuma bai san iyakar ƙasar da ta rage masa a hagu ba, don daga inda yake zaune bakin lambatun ba ya ganuwa.

"Saura kamu ɗaya," in ji Hanne. Kanta na waje, tana kallon taya.

A sama 'yan kasuwa sun fara ihu, suna dukan rufin kan Maiwada da tafin hannu. Babbar motar ba ta daina matsowa ba. Wata ƙusa a jikin katako ta ja layi a ƙofarsa da ƙara mai sa haƙori tsami.

"Saura taƙi. Kada a zo nan."

Ya ji ta, amma hannuwansa ba su ji ba. Shi ma a hagu ya koyi tuƙi, duk sanda hanya ta ɓaci, hagu ce wurin gudu. Ga katako a kunnensa na dama, yana jin warin awaki, jikinsa duka na neman ya kauce masa. Ya ji hannunsa na hagu ya fara ja ƙasa.

"Bubayero."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta faɗe shi ne yadda ake kiran yaron da ya rarrafa bakin rijiya, don kada ya firgita.

"Riƙe haka. Kada ka motsa. Riƙe, Bubayero."

Ya riƙe. Ya ƙanƙame sitiyarin a inda yake, bai ƙara ba bai rage ba, ƙafarsa na nan a kan totur. Taɓo na fallatsa a jikin motar. Farin dutsen kwalbati na girma a gabansa. Ya wuce tsakiyar bodi, ya kai tayar gaba, a nan dukan rufin ya isa kunnen Maiwada mai rai. Babbar motar ta yi wani nishi, ta karkata, ta koma dama da sauri har awakin ciki suka yi kuka.

Fili ya samu, amma bai fizgo ba. Ya bar tayoyin hagu a inda suke.

"Nan da tsakuwa," in ji Hanne.

Ya ji ƙasa ta yi ƙarfi a ƙarƙashinsa. Ya lallaɓa sitiyarin kaɗan kaɗan, motar ta hau burji ta miƙe. Bai koma dama ba sai da ya ga fuskar babbar motar gaba ɗaya a madubin ciki. Yana komawa suka shige tsakanin duwatsun kwalbati. A madubi ya hango Maiwada ya ɗaga hannun nan mai jan ƙyalle yana dukan goshinsa da shi.

Hanne ba ta mayar da kanta ciki ba. Har suka shiga Gaya tana faɗa wa iska abin da ke tafe, ko da babu wata mota a gabansu da za a wuce. "Da shanu." "Babu." "Da rami." Shi kuma yana cewa to.

Malamin asibitin, wani siriri mai suna Malam Hadi, bai ɓata lokaci ba. Ya sa aka shimfiɗe tsohon a gado, ya ɗaga masa fatar ido da yatsa ya duba, ya haɗa allura ya tura a jijiya a hankali, sannan ya kwance igiyar ramar.

"Yaushe ta sare shi?"

"Da hantsi," suka ce tare, uwa da ɗa. Hanne ta yi sauri ta ja zanenta ta mayar har goshi.

"Na yi abin da zan iya," in ji Malam Hadi. "Yanzu numfashin za mu sa wa ido. In ya riƙe zuwa la'asar, ina sa rai. Kada a ba shi ruwa, ba zai iya haɗiyewa ba."

Hanne ta zauna a ƙasa wajen kan gado. Bubayero ya tsuguna a bakin ƙofa, inda ya saba tsugunawa. Daga nan yana ganin ƙirjin tsohon, yana ɗagawa kaɗan, ya daɗe bai sauka ba, har sai Bubayero ya fara yunƙurin tashi, sannan ya sauka. Aka kira azahar, ya je ya yi, bai san abin da ya karanta ba. Ya dawo ya tarar ƙirjin na nan yadda ya bar shi.

Can sai ga Maiwada ya shigo farfajiyar a ƙafa, hula a hannu, ashe labari ya iske shi a tasha. Bai nufi ɗakin ba. Ya zagaya a-kori-kura, ya shafa layin da ƙusa ta ja a ƙofa, ya koma ɗaya gefen ya tsuguna ya daɗe yana kallon ciyawar lambatu da ta maƙale a ƙarƙashin mota. Bubayero ya fito ya same shi.

"Yaya jikin tsohon?"

"Muna jira."

"Allah ya tashi kafaɗarsa." Maiwada ya dubi jan ƙyallen da ke hannunsa kamar ya tsinka masa mari. "Ka yafe mini, Buba. Na ji ham, kafin in yi tunani hannun ya riga ya tafi."

"Ba komai, maigida. Ni ma nawa saura kaɗan."

"Na gani a sawun taya. Ka riƙe, ba ka fizga ba." Ya miƙe yana dafa gwiwa. "Amma wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Wa ka samu a kujerar hagu? Ka riƙe shi da kyau, irinsu ba su da yawa a tasha."

Bubayero ya dubi ƙofar ɗakin. "Ba ɗan tasha ba ne," ya ce.

Ana kiran la'asar bai tashi ba. Ya zauna yana kallon ƙirjin, har ya fara zargin idonsa, don kamar yanzu cikin ne ke ɗagawa ba kafaɗa ba. Malam Hadi ya shigo, ya sa kunne, ya kama hannu, da zai fita kuma ya taɓa kan Bubayero. Jim kaɗan maƙogwaron tsohon ya motsa, ya haɗiye yawu da kansa. Goshinsa ya tattare. Fatar idon ta yi rawa, ta ɗaga rabi, ta faɗi, ta sake ɗagawa ta tsaya.

Ya dubi rufin kwano, ya dubi matarsa, sannan ya gangaro da ido zuwa bakin ƙofa.

Hanne ta yi hamdala a ciki-ciki. Ta gyara masa riga a wuya, ta kore ƙuda. Da ta gama, ta fuskanci bango.

"Malam," ta ce, "ka ce wa mutumin nan hannunsa na jini."

Bubayero ya duba. Gilashin madubi ya yanke shi a ƙasan gwiwar hannu, jinin ya bushe a wani wuri, a wani wurin yana tsattsafowa. Shi bai ma sani ba. Duk yinin nan bai ga ta kalli inda yake ko sau ɗaya ba.

Malam Tukur ya motsa leɓe. Harshen bai gama dawowa ba, kalmomin suka fito ɗaya bayan ɗaya.

"Wane... mutum?"

Hanne ba ta juyo ba. Bubayero ya sunkuyar da kai. Yana son ya sake jin sunansa a bakinta, ba zai yi wa kansa ƙarya ba. Amma ya ga yadda kafaɗunta suka ƙanƙame a ƙarƙashin zane, sai ya ji tausayinta ya fi son nasa ƙarfi. Ya buɗe baki zai ce ya ji, ba sai an maimaita ba.

Ƙarar yagewar ƙyalle ta riga shi. Hanne ta kama bakin zanen lulluɓinta da haƙori ta yago tsawon kamu. Ba ta miƙa masa ba, ba ta kuma ba mijinta ya miƙa ba. Ta linke shi, ta ajiye a ƙasa tsakaninta da ƙofa, ta tura shi da yatsa har inda hannunsa zai kai.

"A ɗaure," ta ce wa bango.

Bubayero ya ɗauka ya fara naɗawa. Malam Tukur ya kalle su, ɗaya bayan ɗaya, sannan ya rufe ido, wannan karon da kansa.